Mu Gyara Kafin Hadari Ya Taso

Jawabin malamin lakkwal a taron ƙungiya

Muna gaida mai gari da liman da dattawa. Muna gaida iyayenmu mata. Muna gaida ƴan uwa da ke Yamai, Damagaram, Tawa, Kano da Abijan, waɗanda wannan takarda za ta iske.

Maganarmu ta yau ta ruwa ce. Ruwa rahama ne, shi muke roƙo kowace shekara. Amma dattawa sun ba mu labarin 1945, da ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi a fadama, har aka mai da gari bisa tudu. A 2020 kogin Kwara ya fasa shinge ya shiga Lamorde a Yamai. A 2024 kuwa mun gani da idonmu: ran 30 ga watan 8 ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi, an rasa rayuka, kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. A 2024 ɗin sai ƙarshen watan 10 yara suka koma lakkwal, don mutane na kwana cikin azuzuwa.

Iyayenmu, bari mu yi muku lissafin da muke yi da yara. In radiyo ta ce an yi ruwa milimetir 100, ma'anarsa kowane metir ɗaya tsawo, ɗaya faɗi ya sha litir 100. Gida mai metir 20 kowane gefe ya sha litir 40.000 ke nan, wato tano 200. In ruwan bai samu hanya ba, gindin katanga zai kwana. Ɗakin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa: gindi ya jiƙa, ya yi laushi, dare ya yi ya zauna bisa masu barci.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a yi tun bazara.

Na fari, yaɓe. A toshe tsaga, a ƙara ƙasa gindin bango ta gangara waje, a gyara indararo ya zuba nesa da katanga.

Na biyu, hanyar ruwa. Samari su fito gayya a yashe magudana, a kwashe leda da shara. Kada kowa ya tare ruwa ya tura wa maƙwabci.

Na uku, rumbu. A ɗaga shi bisa duwatsu, a sake jinka. Iri da takardun haihuwa da na gona a ƙulle su a leda, a rataye sama.

Na huɗu, gulbi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ta Jibiya. Yana iya cika ko digo bai sauka nan ba. Kada a tsallaka shi da amalanke in yana gudu, kada a aiki yaro ƙetare in gabas ta yi baƙi.

Na biyar, tsawa. In ana walƙiya a aje hauya a bar gona tun da wuri. Kada a fake gindin itace mai tsawo, kada a ɗaure bisashe a can.

Bayan ruwa, in ya shiga rijiya, a tafasa na sha. Wanda amai da zawo suka kama a kai shi likita nan take.

Yanzu ku, ƴan uwa na bariki. Mun sani ba ku taɓa juya mana baya ba. Ɗaki ya faɗi, waya ta iske ku, kun aiko. Allah ya saka. Amma kuɗin da ke tada ɗaki ɗaya bayan ya faɗi, da sun zo watan 4 ko na 5, da sun yaɓe ɗakuna da yawa, tsohuwa ba ta kwana a aji ba. Muna roƙo ku aiko da wuri, ku faɗi sarai na yaɓe ne. Kuma mai niyyar gini ya tambayi dattawa inda ruwa ke bi, kada araha ta sa shi sayen fili a kwari.

Mai gari, muna roƙon ka sa ranar gayya kafin ruwan shuka. A rubuta gidajen tsofaffi da na gwauraye mata, da su za a fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrinta. Amin.