Tsohuwar Zuma: Finafinan Da da Suka Cancanci a Sake Kallo



Gabatarwa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Maƙasudin wannan lacca shi ne a amsa wata tambaya da matasa kan yi wa dattawa masu sha'awar finafinan da, watau mene ne amfanin komawa kallon fim ɗin da an riga an san ƙarshensa? Amsar tana cikin tatsuniya. Babu yaron da bai san yadda Gizo zai ƙare ba, amma gobe da dare zai sake zama gaban kakarsa, domin abin da ke jawo shi shi ne yadda take sarrafa murya da yadda halin kowa ke fitowa fili. Haka fim yake. Kallon farko na bin labari ne, kallo na biyu kuwa na nazarin hali ne. Fim ɗin da ya jure kallo na biyu shi ya cancanci a kira shi tsohuwar zuma. Za a kawo misalai uku.

Gidajen Silima

An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, daga baya wasu suka biyo, kamar Palace da Plaza da El Dorado. Akasarinsu Kwarori ne suka mallake su, kuma su ne suka shigo da finafinan Indiya tun wajen shekarun 1950. Abin lura shi ne 'yan kallo ba su jin harshen Hindi, kuma a lokacin ba a fassara finafinan da Hausa kamar yadda ake yi daga baya. Saboda haka idanu ne suka yi aikin kunnuwa. Ɗan wasan da fuskarsa ba ta magana ba ya samun karɓuwa, wanda kuwa ya karɓu, to lalle gwani ne.

Mother India

Misali na farko shi ne Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957. Labarin wata mace ce mai suna Radha, wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 wajen wani mai ba da rance da ruwa, Sukhilala, don hidimar bikinta. Tun daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar ke tafiya gidansa kowace kaka. Dutse ya murƙushe hannayen mijinta, ya bar gida don kunya. Ambaliya ta cinye ƙauyen. Duk da yunwa, Radha ta ƙi sayar da mutuncinta ga mai bashin. A ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta, sai uwar ta harbe shi da hannunta.

Manomin da ya taɓa cin bashi da bazara ya biya da damma a kaka ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari. Amma ribar kallo na biyu tana wajen Nargis, wadda ta fito a matsayin Radha. An haife ta a 1929, shekara ɗaya da Sunil Dutt wanda ya fito a matsayin ɗanta, har ma suka yi aure a 1958. Duk da haka babu mai kallon da ya yi shakkar cewa uwa ce da ɗa. A lura da tafiyarta: ta amarya daban, ta mai jan garma daban, ta tsohuwa daban. Wanda ya san za ta kashe Birju zai ga cewa shi ne ta fi so cikin 'ya'yanta, kuma kowace dariya da ta yi masa yana ƙarami takan zama abin tausayi.

Sholay

Misali na biyu shi ne Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito a 1975, aka kuma yi shekara biyar ana nuna shi a gidan silima guda a Bombay. Wani tsohon ɗan sanda, Thakur, ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, watau Amitabh Bachchan da Dharmendra, don su kamo masa Gabbar Singh, ƙasurgumin ɗan fashin da ya kashe iyalinsa ya kuma sare masa hannaye. A kallon farko hankali kan tafi ga harbe-harbe da muguntar Gabbar, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa.

Amma akwai wani kwabo da Jai kan jefa sama duk lokacin da abokan biyu suka rasa shawara, kuma kullum shi ke ci. Sai bayan ya mutu ne Veeru ya gano cewa fuskokin kwabon iri ɗaya ne. Ashe ko a jefawar ƙarshe, wadda ta sa Jai ya tsaya shi kaɗai gaban 'yan fashi, ya riga ya zaɓi ya mutu a madadin abokinsa. Mai kallo na biyu ne kaɗai ke ganin wannan amana tun daga farkon fim. Haka kuma zai lura da Jaya Bhaduri, wadda ta fito a matsayin matar da mijinta ya rasu, tana kashe fitilu da almuru ba tare da ta ce uffan ba, alhali shirun nata ya fi maganganun wasu nauyi.

Shehu Umar

Misali na uku na gida ne. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shehu Umar da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, inda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi cikin bauta, ya girma ya zama malami, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Wanda ya sake kallonsa zai ga tufafi da gine-gine da ladabin magana waɗanda littafi ba zai iya nunawa ba.

To, amma sake kallo yana bukatar a sami abin kallon. Wannan fim ya ɓace shekaru da dama, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano shi cikin tarin gwangwanayen fim a wani tsohon gini a Legas, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Zaren fim yana ruɓewa cikin zafi da raɓa, kuma wanda ya ruɓe ya tafi har abada.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya ne. Ɗalibi mai nazarin adabi ya kamata ya ɗauki waɗannan finafinai kamar yadda yake ɗaukar rubutaccen zube, ya kalla, ya sake kalla, ya kuma tambayi dattawan da suka cika gidajen silima abin da suka gani, tun suna raye. Ma'aikacin gwamnati kuwa, musamman na ma'aikatun watsa labarai da gidajen talabijin, ya binciki ɗakunan ajiyar ofishinsa kafin ya sa hannu a kwashe tarkace. Mai yiwuwa cikin gwangwanin da ya yi tsatsa akwai wani Shehu Umar ɗin, kuma akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Jos wadda aikinta ke nan.