Gasar Pokémon ta Ƙasa da Tambayar Yadda Ake Auna Gwani

Jawabin kwamitin ilimi na reshe, wanda aka gabatar a taron ƙarshen zango na mambobi da iyalansu



Da aka sanar cewa kwamitinmu zai yi magana a kan wasan bidiyo, mun ga waɗansu sun murmusa, waɗansu kuma sun ɗaure fuska. Ba mu ga laifin kowa ba, domin yawancinmu mun san irin wannan wasa ne ta hanyar wayar da muka ƙwace a hannun yaro ana tsakiyar darasi. Abin da ya sa muka zaɓi batun shi ne wani lamari da ya auku a gasar ƙasa ta Koriya ta Kudu cikin shekarar 2023. Lamarin ya taɓo tambayar da kowannenmu yake fuskanta duk ƙarshen zango, sa'ad da ya zauna da jan biro da tarin takardu: yaya ake gane gwani, alhali sa'a tana da nata rabon a cikin sakamako? Kafin mu isa Koriya, ku ba mu dama mu bayyana wasan kansa, don kada mu bar kowa a baya.

Pokémon ya fito ne a ƙasar Japan a shekarar 1996. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, yana da sha'awar kamun ƙwari da tara su tun yana yaro, kuma daga nan ya samo tunanin wasan. Kamfanin Game Freak ne ya gina shi, Nintendo ya fitar da shi a kan ƙaramar na'urar hannu mai suna Game Boy. An fara da dodanni 151, yau sun haura 1,000. Mai wasa yakan kama dodannin nan, ya horar da su, sannan ya sa su kara da na abokin hamayya. Kowane dodo yana cikin jinsi ɗaya ko biyu daga jinsuna 18, kuma kowane jinsi yana da wanda yake rinjaya da wanda yake rinjayarsa. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa, lantarki kuma ba ya yi wa dodon ƙasa komai. Bugun da ya dace da raunin abokin gaba yakan ninka ɓarnarsa sau 2, wani lokaci sau 4.

A fagen gasa, kowane ɗan wasa yakan zo da dodanni 6. Sai a nuna wa kowa na ɗan'uwansa, kowa ya zaɓi 4 da zai shiga da su, biyu a fili, biyu a ajiye. Ana daidaita dukkansu a mataki na 50, don kada wanda ya fi daɗewa yana wasa ya ci albarkacin daɗewa. A kowane juyi ana ba ɗan wasa daƙiƙa 45 ya yanke shawara, kuma su biyun suna zaɓa ne a lokaci ɗaya ba tare da wani ya ga na wani ba. Saurin yatsa ba ya amfanar kowa a nan. Aikin na ƙwaƙwalwa ne da karanta zuciyar abokin karawa, irin wanda duk mai zama a gindin bishiya yana buga dara ya sani.

A Amurka an yi shekaru ana gudanar da gasar ƙasa ta wannan wasa a birnin Indiyanafolis, sannan aka kai ta Kolombus ta jihar Ohayo a 2016. Daga 2017 aka maye gurbinta da babbar gasa ta nahiyar Amurka ta Arewa. Japan da Koriya ta Kudu kuwa sun ci gaba da nasu gasannin na ƙasa a ƙarƙashin tsari dabam. Ana raba 'yan wasa rukuni uku bisa shekarar haihuwa, na yara, na matasa, na manya, kuma waɗanda suka yi fice sukan samu gurbin zuwa gasar duniya da ake yi kowace shekara. Daga cikin kyaututtukan da aka saba ba ƙananan 'yan wasa har da tallafin kuɗin karatu.

To, ina sa'a ta shigo? Masu gina wasan sun dasa ta a ciki da gangan. Akwai bugun da ke samun abin hari sau 90 cikin 100, ya kuskure sau 10. Akwai bugun bazata mai tsanani da ke faɗowa sau 1 cikin 24. Ɓarnar kowane bugu ma takan faɗa ne tsakanin kashi 85 zuwa 100 na ƙarfinsa. Saboda haka mutum yakan yi duk abin da ya kamata, ya karanta abokin karawarsa daidai, amma bugunsa ya kuskure a juyin ƙarshe, ya faɗi. Masu shirya gasa ba su da ikon cire wannan daga wasan. Ikon da suke da shi shi ne su tsara gasar yadda sa'a ba za ta zama alƙali ba, kuma tarihin gasar ya nuna yadda suka koyi hakan sannu a hankali.

A shekarun farko, gasannin yankuna a Amurka na sari-ɗaya ne: wanda aka ci sau ɗaya ya tattara nasa ya nasa. Ku auna taron mutum 256. Bayan karawar farko, 128 sun kama hanyar gida, cikinsu har da wanda ya yi tafiyar kwana guda kuma bugu ɗaya ya ci amanarsa. Daga baya aka koma ga tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda masu darar Turawa, wato ces, suka fara amfani da shi a birnin Zurik a 1895. A wannan tsari ba a korar kowa saboda faɗuwa ɗaya. Kowa yana buga zagaye da dama, kuma a kowane zagaye ana haɗa shi da mai sakamako irin nasa, mai nasara uku da mai nasara uku, mai biyu da mai biyu. Sai a ƙarshe a ɗebi na sama su shiga zagayen fitar da gwani.

Gyara na biyu shi ne karawa uku a maimakon ɗaya, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara. Malaman lissafi da ke cikinmu za su iya tabbatar da wannan a kan allo. Idan ƙwarewar mutum ta kai ya ci abokin karawarsa sau 70 cikin 100 a wasa ɗaya, to a karawa uku damarsa takan hau zuwa kusan 78. Ban da lissafi, wanda aka shammata a wasan farko yana da damar ya gane kuskurensa ya gyara a na biyu, kuma iya gyara kuskure shi ma ɓangare ne na gwaninta. Gyara na uku ya zo a kakar 2023, lokacin da gasannin Amurka da Turai suka wajabta wa kowa ya miƙa wa abokin karawarsa takardar da ke nuna dodanninsa da bugun da kowanne ya iya. Da haka aka rage cin nasara ta hanyar ɓoyayyen tarko kaɗai.

Shaidar cewa gwaninta tana iya rinjayar sa'a tana cikin sunayen zakarun. Ray Rizzo na Amurka ya ci gasar duniya sau uku a jere, 2010, 2011 da 2012. Wolfe Glick ya ci gasar ƙasa ta Amurka a 2011, ya sake ci a 2012, sannan ya zama zakaran duniya a 2016. Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ci gasar duniya a Washinton a 2014 da taimakon Pachirisu, wani ɗan kuregen lantarki da kusan kowa ya raina, wanda ya yi amfani da shi wajen janye hari daga kan manyan dodanninsa. Da wasan caca ne zalla, da suna ɗaya bai riƙa dawowa ba.

Yanzu mu isa Koriya. A 2023 an gudanar da share fagen gasar ƙasar ta intanet, kowace karawa wasa ɗaya tak. Aka samu tangarɗa a na'ura, har ta kai ga sake zagayen share fagen. 'Yan wasa suka yi ƙorafi cewa tsarin ya ba sa'a wuri fiye da kima, kuma ba a sauraron kokensu. Mutum huɗu da suka kai matakin ƙarshe a rukunin manya sai suka haɗa baki a kan wata zanga-zanga ta lumana. Akwai wani bugu a wasan mai suna Metronome, wanda a harsunan Japan da Koriya ake kira kaɗa yatsa. Dodon da ya yi shi ba ya zaɓar komai, na'ura ce ke jefo masa kowane bugu da ta ga dama. Su huɗun suka yi rajistar dodannin da ba su iya komai ba sai wannan. Saƙonsu a fili yake: tunda kun mayar da gasar ƙuri'a, ga ƙuri'a tsagwaronta a gaban 'yan kallo. Masu shirya gasar suka kore su duka kafin ranar wasan, suka rasa guraben da suka riga suka samu na zuwa gasar duniya a Yokohama.

Ba mu zo nan don yanke hukunci tsakaninsu ba. Masu shirya gasa suna da hujjarsu, domin wanda ya shiga gasa ya amince da dokokinta, kuma 'yan kallo sun cancanci wasa na gaske. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne su wane ne suka yi ƙorafin. Mun saba jin wanda ya faɗi yana zargin ma'auni, mu ce ai kukan faɗuwa ne. Waɗannan kuwa su ne huɗun da tsarin ya ɗaukaka, kuma suka sadaukar da abin da suka samu don su ce ma'aunin bai inganta ba.

'Yan'uwa abokan aiki, a nan ne maganar ta dawo kanmu. Jarrabawa ma tana da nata bugun da ke kuskurewa. Yarinya takan wayi gari da zazzaɓi ranar lissafi. Yaro yakan zo ba karin kumallo, ko tambayoyi su faɗo daga babi ɗaya da ya rasa lokacin da aka tafi da shi girbi. Saboda wannan ne aka ware kashi 30 ko 40 na makin zango ga gwaje-gwajen cikin zango, don a auna yaro sau da yawa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da aji mai yara 80 ko 100, da darussa a jere tun safe, sau nawa muke yin gwaji ɗaya mu raba makinsa gida uku, ko mu cike gurbin da ka a makon ƙarshe? Duk sanda muka yi haka, mun mayar da ɗalibinmu gasar sari-ɗaya, sannan muka rubuta a katinsa cewa wannan shi ne iyakar ƙoƙarinsa. Iyaye da ke zaune a nan sun san abin da wannan katin yake jawowa a gida, har da cire yaro daga makaranta.

Mun san cunkoson aji ba mu muka jawo shi ba, kuma reshe zai ci gaba da kai kukansa inda ya dace. Kafin a share mana hawaye, ga abin da kwamiti yake roƙo. Gwaji gajere sau uku, mai tambaya biyar-biyar da za a iya dubawa cikin sauri, ya fi dogon gwaji guda ɗaya. Mu sanar da yara tun farkon zango abin da za a auna da yadda za a raba maki, domin tambayar tarko tana auna wanda ya yi dace ne kawai. Wanda ya faɗi gwajin farko mu mayar masa da takardarsa da wuri, ya ga inda ya kuskure tun da sauran dama. Idan kuma haziƙan aji suka ce wata jarrabawa ba ta yi adalci ba, mu saurara kafin mu kira shi rashin kunya.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamai sun halatta kwana a kan waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya matsalar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtuka, kuma alamominta su ne kasa sarrafa lokacin wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da cutar da yake jawowa, yawanci na tsawon wata 12. Iyaye su sa ido a kan barci da karatu da lokacin cin abinci. Wayar da ta fito ana darasi kuma za mu ci gaba da karɓe ta.

Sai dai in mun karɓa, muna iya yi wa mai ita tambaya ɗaya. Yaron da ya riƙe jinsuna 18 da yadda suke rinjayar juna a kansa, da wuya a ce ba ya iya hadda. Mu tambaye shi hanya nawa ake iya zaɓar dodanni 4 daga cikin 6, mu bar shi ya lissafa har ya kai 15. Mu tambaye shi damar bugu mai kashi 90 ya samu sau uku a jere, ya gano da kansa cewa ba ta kai 73 ba. Darasin lissafin yiwuwa ke nan da ke cikin manhajarmu ta sakandare, kuma wataƙila amsar da zai bayar ta sa mu sake duba makin da muka rubuta masa.

 Kwamiti zai raba samfurin gajerun gwaje-gwaje ga wakilan makarantu kafin a dawo hutu.