Kirista da Bindiga: Jawabi ga Dattawa da 'Yan Ikklisiya na Yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

 

An roƙe mu mu yi magana a kan tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa bayan an tashi sujada: ko ya halatta Kirista ya ajiye bindiga a gidansa? Za mu amsa bisa koyarwar Ikklisiyar Katolika, domin ita muka sani, amma muna zaton 'yan'uwanmu na ECWA da Baptis da Anglikan ba za su ji baƙon abu ba.

Ba mai yin wannan tambaya don jin daɗi. A daren Lahadi, 9 ga Yuni 2024, 'yan bindiga suka faɗa wa 'Yargoje. Mutanen garin sun ce an kashe aƙalla mutum 50, an kuma tafi da mata da yara. Kafin wannan, a Disamba 2020, an kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayu 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, aka sace Fada Joseph Keke. Harsashi bai tambayi kowa addininsa ba, kuma yawancin waɗanda aka binne a wannan yanki maƙwabtanmu Musulmi ne. Saboda haka magidancin da ya tambaya kada a ce masa mai ƙaramar bangaskiya. Uba ne da ya kasa barci.

Ga amsar a taƙaice: ajiye bindiga ba zunubi ba ne a kan kansa. Doka ta biyar, wadda 'yan'uwanmu na sauran ɗariƙu ke ƙirgawa ta shida, ta hana kisankai. Amma Katikisman Ikklisiyar Katolika na 1992, daga sashe na 2263 zuwa 2265, ya koyar cewa mutum yana da haƙƙin kare ransa. Ya ƙara da cewa ga wanda aka ɗora wa kula da rayukan wasu, kariya tana iya zama nauyi mai girma a wuyansa. Wanda ya tsaya a ƙofa tsakanin maharin da 'ya'yansa bai fita daga ƙaunar Allah ba.

To amma akwai sharaɗi, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa niyyar mai kare kai ita ce ya tsira da rai, ba ya kashe ba. In maharin ya mutu a cikin wannan, ba abin da aka nufa ba ne. In kuwa aka yi amfani da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, an shiga laifi. Shari'ar Musa ma ta bambanta, a Fitowa sura 22, tsakanin ɓarawon da aka buga da dare yana fasa gida da wanda aka kashe bayan rana ta fito. Na fari babu alhakin jini, na biyu akwai. Mu kawo shi gida. Wanda ya yi harbi da dare a bakin ganuwa ana ƙoƙarin shigowa, yana kare rai. Wanda ya wayi gari ya tara samari suka nufi ruga, ko suka tare Bafulatani a hanyar kasuwa don kawai Bafulatani ne, ya yi kisankai, ko da jiya aka binne ƙaninsa. Bindigar ɗaya ce, mutumin ma ɗaya ne, tsakanin ayyukan biyu sa'o'i kaɗan ne kawai.

Dukanmu mun ga yadda wasu 'yan sa-kai suka fara da tsaron gari suka ƙare da yanke wa mutum hukunci a tsakiyar kasuwa, kuma mun ga abin da ya biyo baya. Kada mu manta akwai Fulani a cikin ikklisiyoyinmu, muna karɓar jibi tare da su.

Sai batun hikima. Abu ya halatta ba ya nufin zai yi amfani. A Agusta 2025 aka kai hari masallacin Unguwar Mantau a Malumfashi lokacin sallar asuba, aka kashe mutane da dama. Hukumomin jiha sun ce ramuwa ce saboda kwanton ɓaunar da mutanen gari suka yi wa 'yan bindiga kwanaki kaɗan kafin nan. Ba mu ɗora wa mutanen garin laifi ba, Allah ya kiyaye. Muna cewa ne mai harba-ka-ruga guda ɗaya a gaban babura hamsin ya kamata ya yi lissafi. Wani lokaci bindigar da aka ji labarinta ita ke jawo mahara gidan, tunda masu kai musu rahoto ba daga sama suke faɗowa ba. Gudu da iyali zuwa Malumfashi ko Funtuwa ba abin kunya ba ne. Yusufu ma ya gudu da Maryamu da Jariri zuwa Masar.

Game da hukuma, an sha rikita mu. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. Amma dokar makamai ta ƙasa, wadda ta samo asali tun 1959, ba ta yarda kowa ya riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, kuma bindigar yaƙi irin AK-47 ba ta farar hula ba ce. Maganar gwamna ba lasisi ba ce a gaban alƙali. Katikisma a sashe na 2316 ya ce hukuma tana da haƙƙi da nauyin tsara yadda ake ƙera makamai da sayar da su. Kuma wanda ya sayi bindiga a kasuwar bayan fage ya sani cewa dillalin da ya sayar masa shi ne mai sayar wa daji. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. A ganinmu saurayin da zuciyarsa ke tafasa don kare gari, gara ya nemi shiga aikin da hukuma da mai gari suka sani, tare da maƙwabtansa Musulmi, inda akwai wanda zai ce masa tsaya. Ba ma goyon bayan a kafa rundunar coci, ko a ajiye makami a majami'a. Mu tsiraru ne a nan, ranar da aka ce Kiristoci sun tara makamai, ba sai mun faɗi abin da zai biyo baya ba.

Akwai kuma 'yan'uwan da suka ce su ba za su taɓa makami ba, suna tuna yadda Ubangiji ya hana Bitrus a Gatsemani, ya kuma warkar da kunnen bawan da aka sara. Ikklisiya tana girmama su, muddin ba su bar raunana a hannun mahara ba. Kada a kira su matsorata. Sau da yawa su ne masu gadin dare da fito da tocila, su ne masu ɗaukar waɗanda aka harba zuwa asibiti.

Iyayenmu dattawa, roƙonmu gare ku shi ne ku san gidajen da ke da bindiga a ikklisiyarku, ku zauna da masu su ɗaya bayan ɗaya. Ku tambaya ko tana da takarda, da inda ake ajiye ta, ko hannun yaro zai kai. Mai shan burkutu, da mai dukan matarsa, da mai rikicin gona da ɗan'uwansa, ku karɓe ta daga hannunsa ku miƙa wa hukuma. Wanda aka kashe wa ɗa ko mata, kada a bar shi shi kaɗai da ita a kwanakin makoki. Wanda kuma ya riga ya yi harbi, ko da bisa gaskiya ne, ku kai shi wurin Fada ko Fasto, domin da yawansu ba sa iya barci, kuma ba sa gaya wa kowa.

Yanzu sai mu miƙe tsaye mu yi addu'a domin mutanen 'Yargoje, da waɗanda har yanzu iyalansu ke jiran dawowarsu daga daji.