Yadda Ya Kamata Mu Saurari Faifan Niamey Twice



Maƙasudin jawabina a yau shi ne in jawo hankalinku ga wani faifai mai suna Niamey Twice, wanda kamfanin Stern's na birnin Landan ya fitar a shekarar 1994. Mawaƙa biyu na ƙasar Nijar suka raba shi tsakaninsu, wato Musa Fusi da marigayi Sa'adu Bori, mutumin Maraɗi, wanda ya rasu a 2008. Ɓangaren Sa'adu, mai waƙoƙi irin su "Dango" da "Bori", shi zan fi mai da hankali a kai.

Abin da Sa'adu ya yi shi ne ya ɗauko kiɗan bori, wanda aka saba ji a bakin garaya da goge da ƙwarya, ya ɗora shi bisa jita mai lantarki da gangunan Turawa. Wannan dabara tana da 'yan'uwa a wasu ƙasashe. Alal misali, a Ingila ƙungiyar Fairport Convention ta yi haka da tsofaffin waƙoƙin karkararsu a 1969, sa'an nan Jethro Tull suka fito da Songs from the Wood a 1977. Turawa sun rubuta littattafai a kan nasu. Mu kuwa mun yi rawa da namu, mun kakkaɓe riga mun wuce.

Don haka ina ba ku shawara uku. Na farko, ku bi kiɗan da ke ƙasa, za ku ji yana kewayawa yana komowa, kamar yadda mai garaya ke nanata zubi ɗaya har jiki ya ɗauka. Na biyu, ku lura da yadda jagora ke jefa magana 'yan amshi suna cafewa, tsarin da kowane ɗan Kabi ya sani a waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo. Na uku, ku tambayi kanku: wa ke jan ragama, tsohon kiɗa ko baƙon kayan kiɗa? A ganina darajar faifan ita ce jita ta shigo a matsayin baƙuwa, ta bi dokar masu gida.

Na san akwai waɗanda suka taso a Malisa ko Gwandu ko Kalgo, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da za su ce ina ruwan ɗalibi Musulmi da kiɗan bori. Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Amma nazarin abu daban ne, yin imani da shi daban. Masu jihadi kansu sai da suka san al'adun da suka tarar kafin su yi hukunci a kansu. Wanda bai san abin da kakanninsa suka bari ba, ba zai san abin da suka riƙe ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, tsofaffin makaɗa suna ƙarewa, kuma kowane ya tafi da abin da ke cikin kansa. In kun koma gida hutu, ku nemi mai goge ko mai garaya da ya rage a garinku, ku ɗauki kiɗansa, ku rubuta sunan kowane zubi da ma'anarsa. Da haka ne wani Sa'adun zai sami abin ɗorawa gobe.