Hurumin Rijiya a Lokacin Damina

Maganarmu ta yau a kan ruwan damina ce, da yadda yakan ɓata ruwan da muke sha.

Ruwan sama da tsabtarsa yake saukowa. Amma da zarar ya bar indararo ya taɓa ƙasa, sai ya kwashi duk abin da ya tarar. Ku dubi Ƙofar Mazugal a birnin Kano ran da aka yi ruwa mai ƙarfi cikin watan Agusta. Ruwa yakan bi lunguna, ya wanke bola, ya cika kwatami, ya haɗu da jini da kashin dabbobi na kwata, sa'an nan ya faɗa Jakara. Ita kuwa Jakara ba a birni ta tsaya ba. Tana gangarawa har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, ana ban-ruwan lambu da ita a hanya. Ashe ƙazantar mutumin birni takan iske mutumin ƙauye har gida.

Abin da ke faruwa ga Jakara shi ne ke faruwa ga rijiyar garinku. Ta haka ƙwayoyin amai da gudawa, da atuni, da zazzaɓin taifot suke shiga randa. Idanu ba sa ganinsu. Ruwa yana iya zama garau alhali cuta na ciki. A birnin Landan cikin 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi sawun annobar kwalara har ya gano tushenta rijiya ɗaya ce ta unguwa, wadda masai ke tsiyaya cikinta.

To, mene ne magani? Kakanninmu sun san hurumi, watau filin da aka keɓe, ba a gini, ba a noma. Ruwan sha ma yana da huruminsa. A Ingila da Faransa da Jamus, masu tsara gari sukan raba ƙasar da ke kewaye da wurin ɗiban ruwa kashi uku. Ku riƙe su da kyau.

Na farko shi ne bakin rijiya. A ɗaga shi da siminti, a yi masa daɓe mai gangare da 'yar hanyar ruwa, a sa murfi, a kewaye da shinge. Nan ba wanki, ba wanka, ba shayar da dabba. Guga ɗaya za a ware, a riƙa rataye shi, kada a yar da igiya a ƙasa.

Na biyu shi ne hurumi na kusa. Kada a haƙa masai, ko a tara juji, ko a kafa turke, ko a yi yanka, sai an ba rijiya tazarar mita 30, watau wajen ƙafa 100. Masai kuma ya zama ta gangare, rijiya ta tudu, domin ruwa ba ya hawa.

Na uku shi ne makwarara, watau dukan ƙasar da ruwanta ke gangarowa zuwa rafi ko tafki ko madatsa. Wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya. Aikin dagaci ne da mai unguwa da duba-gari su hana zuba shara a lambatu, da bayan gida a bakin rafi, da cike kududdufi a yi gini a hanyar ruwa. Manomi kuma kada ya wanke tankin feshi a rafi. A bar ciyawa da itatuwa a gaɓa, gama su ke tare laka da datti.

Kafin ruwan farko ya sauka, ku fita ku auna da ƙafarku tsakanin masai da rijiya. Ku yashe kwata. In ambaliya ta shiga rijiya, kada a sha sai an kwashe ruwan, duba-gari ya zuba magani. Kafin nan a tafasa na sha. In yaro ya kama gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana lafiya. Sai wani mako.