Malamin Gobe da Na'urorin Koyarwa



An umurce ni in yi magana a kan na'urorin zamani da yadda malamin makaranta zai yi aiki da su a aji. Da yawa daga cikinmu nan gaba kaɗan za a miƙa mana alli da rajista, a tura mu makarantun Fagge ko na Sabon Gari, saboda haka maganar tamu ce. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, amfanin kowace na'ura a aji yana rataye ne a wuyan malamin da ya shigo da ita. In ya san abin da yake nufin yaro ya koya, rediyo ma ya ishe shi. In kuwa bai sani ba, ko an cika masa aji da kwamfuta wahala ce kawai.

Bari mu dubi baya tukuna, gama waiwaye adon tafiya ne. Wannan yanki ya daɗe yana karɓar baƙin abubuwa. Fagge tun asali zango ne na fatake da ayarin raƙuma masu ƙetaro Hamada. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu. A Sabon Gari aka buɗe gidan sinima na Rex a 1937, daga baya aka gina Plaza a Fagge, a 1944 kuma aka fara rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya zuwa akwatuna a Kano. Ga kuma majigi, wanda Turawan mulki da gwamnatin Jihar Arewa bayansu suka riƙa yawo da shi gari gari cikin mota, ana nuna wa jama'a tsafta da noman zamani. Amma hoton majigi ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai mai bayani riƙe da lasifika, yana warware wa mutane abin da suke gani da Hausa, kuma shi ne malamin wurin.

Maƙwabtanmu sun kai gwajin har cikin aji. A 1964 Jamhuriyar Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin, amma shirin ya daɗe bai wuce azuzuwa ƙalilan ba. Kwaddibuwa ta ɗauki babba a 1971, ana watsa darussa daga garin Bouaké zuwa makarantun ƙasar, sai ga shi a 1982 an rufe shirin, saboda tsadarsa da kuma ƙorafin iyaye da malamai. A 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci, a ƙarƙashin wani shiri na duniya mai burin kowane yaro ya mallaki tasa. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan irinsu, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa kwamfutar, alhali lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba.

To, kada wani ya ɗauka cewa ina kira ne a juya wa na'ura baya. Wannan ƙofa ta riga ta rufe. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da ya yi shekara goma sha biyu a makaranta bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, ranar jarrabawa abokan gāba biyu zai fuskanta, tambayoyi da injin kansa, ga lokaci yana tafiya. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ɗan mai hali ya ci gaba da karatu ta intanet, ɗan talaka kuwa sai abin da ya tsinta a darussan rediyo da talabijin. Idan malamin makarantar gwamnati ya ce babu ruwansa da na'ura, ɗan talaka ne zai biya bashin.

Saboda haka ina ba da shawarar tambayoyi huɗu da malami zai yi wa kansa kafin ya shiga aji da kowace na'ura.

Ta farko, me nake so yaro ya iya in an kaɗa ƙararrawa? A ce darasin husufin wata ne. Hoto mai motsi na minti biyu zai nuna yadda duniya ke shiga tsakanin rana da wata fiye da zanen da za a yi a allo. Amma sai malami ya kalli hoton tun a gida, ya shirya tambayoyinsa, ya tsayar da shi inda ya dace, sa'an nan ya sa yara su kwaikwayi abin da fitila da lemo. In ba haka ba, sinima kurum aka kai su.

Ta biyu, za ta kai ga kowane yaro? Mun san cunkoson azuzuwanmu, mun kuma san wutar lantarki ba ta da tabbas. Wayar hannu guda ba za ta ganu daga benci na baya ba, amma murya tana kaiwa ko'ina. Ƙaramar lasifika mai batir, irin wadda ake samu a kasuwar Sabon Gari, ta isa ta jiyar da aji duka karatun Ingilishi ko na Larabci daga bakin gwani. A sauke darasin a waya tun da dare, don kada a dogara da intanet a tsakiyar aiki. A kuma lura da 'yan mata da masu kunya, gama in ba a tsara layi ba, masu ƙarfin kafaɗa ne za su mamaye na'urar.

Ta uku, da wane harshe take magana? Yaron Fagge da Hausa yake tunani. A ajin Sabon Gari kuwa za ka tarar da Bahaushe da Bayarabe da Igbo da wasu a benci ɗaya. Yawancin darussan intanet da Ingilishin Amurka ko na Ingila ake yin su, da misalan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Magani shi ne malami ya yi nasa. Da wayar da ke aljihunsa, bayan ya nemi izini, yana iya ɗaukar muryar wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana lissafin yadi da riba da faɗuwa, ko telan Fagge yana awo da yanka, ya kawo wa ajin lissafi. Malamin Hausa kuma ya koya wa yara inda ƙ da ɗ da ɓ suke a waya, domin wanda ya saba rubuta kafa a maimakon ƙafa, ko bari a maimakon ɓari, haka zai rubuta a takardar jarrabawa. Har ila yau, tun ƙarshen 2022 ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, masu rubuta wa ɗalibi insha'i cikin ƙiftawar ido, suna kuma iya shara kuskure ba tare da ko ɗar ba. Malami ya riƙa tsayar da yaro ya bayyana da bakinsa abin da ya kawo a rubuce. Nan take za a gane mai aikin.

Ta huɗu, in ta lalace wa zai gyara? A nan nake roƙon 'yan'uwanmu ma'aikata su kasa kunne, domin ta teburinku takardun sayen kaya ke bi. Sau da yawa akan sayi na'urori, a yi bikin miƙa su, a manta da kuɗin batir da na gyara da na horar da malami. Hedimasta kuwa, don gudun takardar tuhuma, sai ya kulle su a sito, ƙura ta cinye su. Alhali ga samari masu gyaran waya da kwamfuta a titin Beirut, tafiyar ƙafa daga makarantun yankin. Duk ƙiyasin da bai ƙunshi gyara da horo ba, ku mai da shi a sake.

Lokacin da aka fara shirin UPE a 1976, yara sun yi tururuwa zuwa makarantu fiye da yadda aka zata, abin da ya yi ƙaranci kuwa shi ne ƙwararrun malamai, shi ya sa a shekarar aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna. A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, watau har yanzu rijiyar tana bukatar masu yasa. Mu ne za a tura. Ina roƙon kowane ɗayanmu, kafin ya fita koyarwar gwaji, ya shirya ko da darasi ɗaya da wayarsa, ya gwada shi a gaban abokansa, su gaya masa gaskiya. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu ta tattara irin waɗannan darussa wuri ɗaya, domin na baya su samu abin ɗorawa.

 Allah ya ba mu ikon sauke amanar yaran da za a danƙa mana, amin.