Saƙon Da Ya Tsaya A Hanya

 Muna yi muku barka da sanyi, musamman 'yan'uwanmu na ƙasar Rano da Kibiya, don mun san yanzu haka waɗansunku suna zaune bakin wuta, akwatin rediyo yana gefe. Ku matso kusa da rediyon, amma ku ɗan janye ƙafafunku daga wutar. Za ku ji dalili kafin mu rabu.

Bari mu fara da akwatin nan. A ɗakin da muke magana, na'ura tana juya muryarmu ta zama motsin lantarki, eriya ta cilla shi cikin sarari, yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Eriyarku ta tare shi, akwatinku ya sāke mai da shi murya. Dattawanmu za su tuna da Muryar Bishara. A Jos ake haɗa shirin Hausa, amma daga Addis Ababa ta ƙasar Habasha ake watsa shi, har 1977, lokacin da gwamnatin soja ta karɓe tashar. Nisan ya wuce kilomita 3,000, duk da haka kafin mutum ya ƙifta ido maganar ta iso gindin duwatsun Rano, domin saƙon gajeren zango yakan hau sama, ya bugi wani rufi na iska can nesa, ya dawo ƙasa. To, amma idan batir ya mutu, ko eriya ta karye fa? Can tasha ana ta magana, nan gida kuwa shiru. Samarinmu ma, tun zuwan wayar salula a 2001, sun san wannan darasi, duk wanda ya taɓa hawa kan dutse yana ɗaga waya sama yana neman sabis.

Jama'a, jikin ɗan adam ma haka yake aiki. Daga tafin ƙafa da kan yatsu akwai jijiyoyi sirara da suka bi ta lakar baya har ƙwaƙwalwa. Ka taka ƙaya, bakin jijiyar ya tayar da ɗan lantarki, ya bi ta ciki yana gudu. Inda wannan jijiya ta ƙare wata ta soma akwai ɗan rata, sai ta farko ta zubo wani sinadari, ta biyu ta karɓa ta ci gaba, kamar yadda dā manzon sarki yake miƙa saƙo ga wani a zango. Jijiyoyi mafi sauri suna kai wajen mita 120 a daƙiƙa, waɗansu kuwa da ƙyar suke yin mita 1. Shi ya sa idan ka yi tuntuɓe kakan ji zafi sau biyu: na fari kaifi nan take, na biyu raɗaɗi mai biyo baya a hankali. Idan kuma hannunka ya taɓa tukunya mai zafi, lakar baya ba ta jiran ƙwaƙwalwa, ita take ba da umarnin a janye, sai daga baya ka ce wash.

Babu mai son zafi. Amma bari mu ba ku labarin wata baba da muka sani a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Takan sauke tukunyar tuwo daga murhu da hannu tsirara, ba tsumma. Yara suna kallo suna mamaki, mu manya ma muna yabonta, muna cewa hannun mutanen dā ne, ya sha aiki. Ba mu san cewa wuta tana cinta kamar kowa ba, labarin ne kawai ba ya isa. Sai da muka ga ƙuna a tafinta, ta tashi ta fashe, ita kuwa ba ta san ranar da ta same ta ba, sa'an nan aka kai ta asibiti. Aka ce kuturta ce, ta kuwa daɗe. Har yau idan muka tuna da yabon nan kunya takan kama mu.

Ƙwayar wannan cuta, wani likitan ƙasar Nowe mai suna Hansen ne ya gano ta a 1873. Jijiya take kamawa, ta fi son wurare masu sanyi a jiki: hannu, ƙafa, hanci, kunne, da kewayen ido. Tana lalata jijiyar sannu a hankali, har yakan ɗauki shekara 5, wani lokaci ma 20, kafin alama ta fito. Mutane da yawa sun ɗauka cutar ce take cinye yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya sa ido a kan masu jinyarsa ya ga ba haka ba ne. Mutum ya riƙe fartanya wuni guda, kanta ta fito ta fashe, bai ji ba balle ya huta. Tsakuwa ta kwana a takalminsa yana tafiya a kanta. Rauni a kan rauni, gyambo ya zauna, ƙashi ya ruɓe. Har ya tarar ɓeraye suna gaigayar yatsun waɗansu cikin dare suna barci. Yatsa yana ta kuka, wayar ce ta tsinke.

Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu wannan cuta a duniya, shi ya sa muka ɗauko maganar yanzu. Kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuwa la'ana ba. Tana da magani. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa. Ana sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon irin cutar, kuma wanda ya fara sha ba ya ƙara baza ta ga kowa. A jiharmu ta Kano asibitin Yadakunya ya daɗe da sanin wannan aiki, tun zamanin mishan. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo. Babar nan ta warke sarai, amma hannunta bai ƙara jin zafin wuta ba. Abin da ke cinye lokaci kuwa ɓoyo ne, don tsoron kada a daina cin abinci da mutum, ko a fasa auren 'yarsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan akwai wani tabo a jikinka da ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, ga gwaji mai sauƙi. Rufe idonka, wani ya shafa wurin da ɗan auduga, ya shafa gefensa, ka nuna inda ka ji. Idan tabon bai ji ba, kada ka tsaya shafa man makero, tafi asibiti a duba. Masu ciwon suga, ku ma wannan magana taku ce, don suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa, ya fara da jin kamar tafiyar kiyashi, ya ƙare da rashin ji.

Wanda jijiyarsa ta riga ta yi shiru, sai ido ya karɓi aikinta. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, idan ido ba ya gani sosai a kira jika ya haska da tocila. A jiƙa ƙafa a ruwa, a shafa mai don kada ta tsage. A zazzage takalmi kafin a sa. A naɗe ƙotar fartanya da tsumma, a ajiye tsumma kusa da murhu. Ruwan wanka kuma, wani ya fara taɓa shi. A daren sanyi irin wannan, baba ko kaka da ke zaune bakin wuta ba za su ce muku ƙafarsu ta yi kusa ba, sai ku da ke gefensu ku duba.

Sai mako mai zuwa war haka. Ku kwana lafiya.